Wace Zabura Za Mu Rera A Jana'izar Ɗan'uwanmu?

'Yan'uwana cikin Almasihu, idan mutuwa ta shiga gida shawarwari sukan yi yawa. Za a zauna a kan akwatin gawa, da ranar biso, da masu haƙa kabari, da rumfa da kujeru, da abincin baƙin da za su zo daga Kaduna ko Abuja ko wani barikin soja mai nisa. A kan kowane ɗaya akan yi muhawara, wani lokaci har da ɓacin rai. Amma zaburar da za a rera bayan karatu na farko, sau da yawa ba mai tunawa da ita sai da safiyar jana'iza, sa'ad da shugaban mawaƙa zai buɗe littafinsa ya ɗauko wadda 'yan ƙungiyarsa suka fi iyawa. Alhali kuwa a dukan hidimar Maganar Allah ta wannan rana, zabura ce wurin da masu makoki da kansu suke buɗe baki su amsa wa Allah. Karatu ana yi musu ne, wa'azi ma ana yi musu ne, amma amshin zabura daga bakinsu yake fitowa. Don haka ya kamata mu kula da kalmomin da muke sa wa gwauruwa da marayu a baki.

Abin da Ikilisiya ta shimfiɗa

Majalisar Batikan ta Biyu, a cikin takardarta a kan sujada ta 1963, ta umarta a gyara tsarin jana'iza domin ya nuna a fili cewa mutuwar Kirista tana haɗe da mutuwar Almasihu da tashinsa. Daga wannan umarni ne sabon tsarin jana'iza ya fito a 1969. Littafin karatun Mas ya tanadi zabura goma domin jana'izar manya: ta 23, 25, 27, 42 haɗe da 43, 63, 103, 116, 122, 130 da kuma 143. Domin yaron da ya sami baftisma an tanadi ta 23, 25, 42 da 148. Iyali suna da 'yancin zaɓa daga cikinsu tare da shawarar Fada ko katekis.

Abu biyu ya kamata masu shirya hidima su sani. Na ɗaya, ƙa'idodin littafin Mas ba su yarda a sa wata waƙa a madadin zabura ba, komai daɗinta, domin zabura Maganar Allah ce. Waƙar da marigayi yake ƙauna tana da wurinta, wajen shigowa ko baiko ko fita. Na biyu, lambobin zabura iri biyu ne. Littafi Mai Tsarki na Hausa yana bin lissafin Ibraniyanci, tsofaffin littattafan Latin kuwa suna bin na Helenanci, wanda a yawancin wurare yake baya da lamba ɗaya. Zaburar da muke kira ta 23 ita ce ta 22 a wancan lissafi, ta 130 kuma ita ce ta 129. Katekis ya duba da kyau, kada a sanar da wata a rera wata.

Shin ƙarya muke yi a gaban bagade?

Akwai wata tambaya mai nauyi da ba a cika furtawa ba, amma tana zaune a zukatan mutane da yawa. Mu a ƙasar Zuru mun yi jana'izar da ba ta tsufa ba ce, ba kuma ta ciwo ba. A farkon watan Yuni na 2021 'yan sanda suka tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka rasa rayukansu. Harsashi bai tambayi addinin kowa ba. To, macen da aka kawo mata gawar mijinta daga gona, in aka ce ta rera waƙar da take bayyana Allah a matsayin mai tsaro da mai kiwo, ba tilasta mata ake yi ta faɗi abin da idonta ya ga akasinsa ba? Ubangijinmu ya tsawata wa masu girmama Allah da leɓe alhali zuciyarsu tana nesa. Ashe ba mu muke koya wa masu makoki irin wannan ibada ba?

Wannan tambaya ba ta marasa bangaskiya ba ce, kuma wanda ya yi ta bai yi saɓo ba. Amsarta tana cikin zaburan kansu, in mun karanta su har ƙarshe maimakon mu tsaya a layin farko da muka haddace.

Mu ɗauki Zabura ta 23, wadda ayoyinta shida ne kacal. A ayoyi uku na farko mawaƙin yana ba da labarin Allah ne, kamar mutumin da yake yaba wa ubangidansa a gaban jama'a: ga makiyaya mai ɗanyar ciyawa, ga ruwa a kwance. Amma a aya ta huɗu, inda hanya ta gangara cikin kwari mai duhun mutuwa, sai salon magana ya juya. Ya daina magana a kan Allah, ya fara magana da Allah kai tsaye. Zaburar ba ta yi wa kowa alkawarin cewa ba zai shiga kwarin ba. Abin da ta shaida shi ne ba a shigarsa ba tare da aboki ba. Ko teburin da aka shirya a aya ta biyar, maƙiya suna nan tsaye suna kallo, ba a ce sun gudu ba.

Zabura ta 27 ta fi wannan fitowa fili. Rabinta na farko magana ce ta jarumi wanda ko rundunar yaƙi ta kewaye shi ba zai razana ba. Daga aya ta bakwai kuwa murya ta sauya, mutumin nan ya koma roƙo kada Allah ya ɓoye masa fuska, kada ya yashe shi, har yana zancen ranar da uwa da uba za su rabu da shi. Masana sun daɗe suna muhawara ko zabura biyu ce aka haɗa. Wanda ya taɓa zaman makoki ya san mutum ɗaya yakan yi maganganun nan biyu a yini ɗaya, da safe yana ƙarfafa baƙi, da dare yana kuka a ɗaki. Zaburar ta ƙare da umarnin a jira Ubangiji, kuma ba a ce wa wanda ya riga ya samu ya jira.

Saboda haka dogarar da zabura take koyarwa ba shaida ba ce cewa zuciya tana cikin kwanciyar hankali. Dogara aiki ne na nufi, kamar yadda gurgu yake jingina a kan sanda saboda ƙafarsa ba ta iya ɗaukarsa. Wanda ya jingina bai ce yana da ƙarfi ba, ya shaida rashin ƙarfinsa ne. Ubangijinmu Yesu da kansa, a kan gicciye, da bakin zabura ya yi addu'a: ya ɗauko kukan wanda aka yashe daga Zabura ta 22, ya kuma miƙa ruhunsa da kalmomin Zabura ta 31. Idan kukan yasarwa da miƙa kai sun fito daga baki ɗaya a rana ɗaya, gwauruwar da ta rera amshi da hawaye ba munafuka ba ce.

Akwai kuma wani abu. A jana'iza ba mutum ɗaya ne yake rera zabura ba, Ikilisiya ce. Sa'ad da Waliyyiya Monika ta rasu a Ostiya a shekara ta 387, jikanta Adiyodatus ya fashe da kuka, ɗanta Agustin kuwa ya danne nasa hawayen. Abokinsu Ebodiyus ne ya ɗauki littafin Zabura ya fara rera ta 101, dukan gidan suna amsawa. Agustin bai yi kukansa ba sai daga baya, shi kaɗai a kan gadonsa. A ranar nan wani ne ya riƙe masa waƙar. Haka Zumuntar Mata Katolika take yi idan ta kewaye 'yar'uwar da aka yi wa rashi. In bakinta ya kasa furta amshi, nasu yana furtawa a madadinta, har ranar da za ta iya.

Haƙuri, bege, da haɗari biyu

A wurin ta'aziyya dukanmu, Kirista da Musulmi da masu bin al'adar kakanni, kalma ɗaya muke faɗa: sai haƙuri. Kalma ce mai kyau, kuma Hausawa sun yi gaskiya da suka ce haƙuri maganin zaman duniya. Amma haƙuri yana duban abin da ya riga ya faru, yana koya mana ɗaukar kayan da ba mu iya saukewa. Bege yana duban gaba, wajen abin da aka yi alkawarinsa. A bakin Bahaushe bege shi ne marmarin wanda ba ya nan, irin na uwa da ɗanta da ya yi tafiya. Kirista ya ɗauki wannan kalma ya ɗora mata alkawarin tashin matattu, ba tare da ya cire mata zafin kewa ba. Zabura ta 42 da 43 ita ce wannan bege a cikin ma'anarsa biyu. Tana buɗewa da ƙishirwar dabbar daji mai neman rafi, mawaƙin yana cin hawaye kamar abinci, mutane suna yi masa ba'a suna tambayar inda Allahnsa yake. Sau uku yana tambayar ransa dalilin karayarsa, sau uku yana umartarsa ya sa zuciya ga Allah. Da sau ɗaya ya isa, da bai maimaita ba.

Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya ambaci zunubai biyu da suke gāba da bege. Ɗaya shi ne fid da zuciya, wato mutum ya yanke cewa jinƙan Allah ba zai kai gare shi ba. Ɗayan shi ne sakankancewa ta ganganci, wato mutum ya ɗauki sama kamar gādon da ba makawa sai an ba shi, ko ya tuba ko bai tuba ba. Na biyun nan ya fi yawa a jana'izarmu ta yau. Sai ka ji ana ta jera ayyukan marigayi, ana tabbatar wa jama'a ya riga ya zauna a hannun dama, har mai sauraro ya rasa dalilin da ya sa ake yi masa Mas. Ƙa'idodin littafin Mas sun ce a yi gajeren wa'azi a jana'iza, amma kada a mai da shi kirarin mamaci. Muna taruwa ne domin mu yi masa addu'a, kamar yadda littafin Makabiyawa na Biyu, sura ta 12, ya ba da labarin hadayar da aka miƙa saboda sojojin da suka mutu a yaƙi. Wanda aka yaba masa har aka manta a roƙa masa gafara, an cuce shi da alheri.

Zabura ta 130 tana tsare mu daga ramuka biyun nan. Ayoyinta takwas ne. Tana farawa daga zurfi, tana yarda cewa in Allah zai riƙe lissafin laifofi ba mai tsira, sa'an nan ta shaida cewa gafara tana wurinsa. A tsakiyarta akwai hoton mai tsaron dare yana jiran wayewar gari, kuma an maimaita shi sau biyu. Ba sai an fassara wa mutumin ƙasar nan wannan hoto ba. Matasanmu da yawa sun kwana a bakin gari suna sauraron ƙarar babur daga daji. Iyayen yaran da aka sace a Maga da kuma makarantarmu ta Papiri a watan Nuwamba na 2025 sun san irin jiran da ba barci a cikinsa. Mai tsaro ba shi yake kawo asuba ba, ba ya kuma iya gaggauta ta, amma bai taɓa shakkar zuwanta ba. Agustin ɗin nan, sa'ad da yake kwance ciwon ajali a Hippo a shekara ta 430, abokan gaba sun kewaye birnin, ya sa aka rubuta masa zaburan tuba aka manna a bango kusa da gadonsa, yana karantawa yana kuka. Babban malamin Ikilisiya, ɗan Afirka kamarmu, bai ga ya fi ƙarfin neman jinƙai ba.

Kalmar makiyayi a kunnen mutanenmu

Dole mu faɗi wani abu da ya shafi ƙasarmu musamman. Shekarun tashin hankali sun sa kalmar makiyayi ta yi nauyi a kunnen waɗansu. Akwai gidajen da ganin garke daga nesa yake sa gaba ya faɗi. Wani zai ce, to a bar Zabura ta 23 a irin wannan jana'iza. A wani gida wannan shawara daidai ce, kuma firist mai hikima zai saurari iyali kafin ya yanke. Amma kada mu bar ɓarayi su sace mana har da kalmomin addu'armu. Ɗan fashi da makami ba makiyayi ba ne, ko da yana kora shanu, kuma makiyaya na gaskiya da yawa su ma an kwashe musu dukiya, an kashe musu 'ya'ya. Bisharar Yahaya, sura ta 10, ta riga ta raba tsakanin ɓarawon da yake zuwa domin sata da kisa, da makiyayin da yake ba da ransa saboda tumaki. Idan muka rera zaburar makiyayi a kan gawar wanda aka kashe, muna yanke wa masu kisan hukunci ne da ma'aunin kiwo na gaskiya, muna kuma hana zuciyarmu ƙin wata kabila gaba ɗaya saboda laifin waɗansu.

Kowace mutuwa da zaburarta

Ba doka ba ce nake kafawa a nan, shawara ce ta mai kiwon jama'a. Dattijon da ya ga jikoki da tattaɓa-kunne, ya karɓi shafewar marasa lafiya, ya tafi cikin salama, Zabura ta 122 ta dace da shi, gama waƙar matafiya ce da suka iso ƙofofin Urushalima da murna. Ta 103 ma ta dace, wadda take kwatanta kwanakin mutum da ciyawar da iska take busarwa, ta kuma kwatanta tausayin Allah da na uba ga 'ya'yansa. Wanda ya sha doguwar jinya, ta 63 da ta 116 suna magana da harshensa: ɗaya ta mai ƙishirwa ce a busasshiyar ƙasa wanda yake tunanin Allah a kan gadonsa da tsakar dare, ɗayar kuma tana koya mana cewa mutuwar amintattu abu ne mai tsada a gaban Ubangiji. Waliyyi Yohanna Kirisostom, a wa'azinsa a kan wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, ya nuna cewa tun a zamaninsa ana rera ta 116 da ta 23 a jana'izar Kirista.

Wanda aka kashe, ko ya mutu a haɗarin mota, ko ya fita da safe bai dawo ba, ta 27 ko ta 42 ko ta 143 sun fi ba iyali wurin da za su zuba kukansu ba tare da sun fita daga addu'a ba. Wanda kuma ya daɗe da barin sujada, ko rayuwarsa ta bar raunuka a gida, kada a kunyata shi, kada kuma a yi masa ƙarya. Ta 25, wadda take roƙo kada a tuna da zunuban ƙuruciya, ko ta 130, za su faɗi gaskiya cikin jinƙai. Matar da ta sha wuya a hannunsa za ta iya amsa waɗannan da zuciya ɗaya, abin da ba za ta iya yi da waƙar kirari ba. Game da ƙaramin yaro, Ikilisiya ta ba da ta 148, waƙar yabon dukan halitta, amma a tambayi uwa tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai uwar da yabo a wannan rana zai yi mata kamar gishiri a kan miki.

Bayan an zaɓa, a kula da amshi. Ya zama gajere, mai sauƙin kamawa, domin tsohuwar da ba ta karatu ta iya ɗauka bayan ji biyu. A ƙauyukan da Hausa ba ita ce harshen zuciya ba, katekis ya bayyana ma'anarsa da C'Lela ko harshen mutanen wurin kafin a fara. Mai rerawa ya furta kalmomi sarai, ganga da kacau-kacau su sassauta, a kuma bar ɗan shiru bayan karatu na farko. Maƙwabtanmu Musulmi da suke zuwa yi mana kara sun san sunan Zabura da na Dauda, kuma abin da suka ji a wannan lokaci yana iya zama shaidarmu mafi kyau a gare su.

Abin da za mu ɗora a kan kabari

Kakanninmu Dakarkari sun shahara da tukwanen ƙasa masu siffofi, waɗanda mata magina suke yi, ana ɗorawa a kan kaburburan manyan mutane, kamar gwanayen noma da kokawa da farauta. Mai wucewa yakan duba ya san irin mutumin da yake kwance a wurin. Al'ada ce ta girmamawa, kuma tana nuna cewa tun kafin Bishara ta iso mutanenmu ba su yarda a manta da matattu ba. Kirista ma yana ɗora wani abu a kan kabari, amma abin da zabura take faɗa wa mai wucewa shi ne irin Allahn da aka danƙa wa mamacin. Wannan ne ya sa talaka da mai sarauta, gwani da wanda bai taɓa yin suna ba, suke samun waƙa iri ɗaya.

Ina roƙonku abu ɗaya. Kada ku jira ranar makoki. A wannan mako ku ɗauki Littafi Mai Tsarki, ku karanta zaburan nan goma a wurin addu'ar iyali, ɗaya kowane dare. Tsofaffi su faɗa wa 'ya'yansu wadda suke so a rera musu, a rubuta a ajiye a cikin littafin addu'a. Yin haka ba kiran mutuwa ba ne, gama mutuwa rigar kowa ce, kuma ba ta jiran kira. Zaburar da mutum ya saba da ita yana da lafiya, ita ce take zuwa bakinsa sa'ad da sauran kalmomi suka ƙare.

Allah ya ba 'yan'uwanmu da suka riga mu hutawa a cikin haskensa, ya ta'azantar da gwauraye da marayu, ya kuma maido da salama a ƙasar Zuru. Amin.